Alƙali Mai Ɓare Lemo

"Ku kashe kyamarar nan!" Tsohon kanar ya buga sandarsa a ƙasa. An ɗauko shi ne ya gyara mana shari'ar soja a shirinmu na talabijin kan yaƙin sararin samaniya, tun safe kuwa zaginmu yake.

"Na haƙura da sojanku mai ido uku. Na haƙura da kotu a duniyar wata. Amma wane alƙalin soja ne zai hana a kira shaida, ya zauna yana ɓare lemo yana yanke hukuncin kisa? Wane jahili ne ya rubuta wannan shirmen?"

Marubuciyar shirin ta miƙe.

"Ni ce, ranka ya daɗe."

"Kin taɓa leƙa kotun soja, yarinya?"

"Sau ɗaya, ina riƙe da zanen mahaifiyata."

"Ƙarya kike! Na tsufa ina alƙalanci, ban taɓa ganin haka ba."

"Ina za ka gani? Idonka na kan lemon. Babana ne a tsaye gabanka, ba hula ba bel."

Ta ɗauki lemon, ta danƙa masa a hannu.

"Nuna wa ɗan wasanmu yadda kake ɓarewa. Aikin da muka kira ka ke nan."