Minti Ɗayan Tabawa

Tun da aka rufe asibitin garin, a allon bidiyo ake ganin likita, kowa minti ɗaya. Tabawa mai haɗa turaren wuta ta yi wata huɗu tana jiran layi. Ƙullutun da ke can cikin hancinta ya hana ta jin ƙamshi, har masu saye sun watse.

Da fuskar likita ta bayyana, ta gyara mayafi.

"Ina kwana, likita? Ya aiki? Ya iyali? Ya gajiya?"

Ya amsa ɗaya bayan ɗaya, sannan ya ce, "Iya, ƙullutun ya girma, ya kamata..."

Allon ya mutu. Mintinta ya ƙare. Sai bayan damina kuma.

Ta ajiye turaren da ta kawo masa kusa da busasshen goron da wasu suka bari.