Babi Na Huɗu

"Ranar Litinin za mu buɗe kundin digirinka, Farfesa Pruitt," in ji Lorraine, ma'aikaciyar laburare. "Kowa ya karanta kyauta."

Na ajiye kofin da ke hannuna. Shekara ashirin ina sabunta takardar kulle kundin nan, ita ke buga min hatimi. Ni ne kuma na fi kowa ɗaga murya a taron jami'a cewa ilimi ba na sayarwa ba ne. Har tafi aka yi min. Ban zaci dokar buɗe kundaye da aka kafa bayan taron za ta biyo ta kaina ba.

"Haba Lorraine, wa zai karanta? Mahaifiyata ma a shafi na tara ta yi barci."

"Na'ura ba ta barci. Ta riga ta gwada shi da sauran rubuce-rubuce don gano satar fasaha." Ta turo min takarda. "Babi na huɗu."

Daga wata tsohuwar maƙalar marigayi Farfesa Halvorsen na kwashe babin nan, har da waƙafi. In ya fito, kujerata ta tafi.

Na rage murya. "Mutumin ya rasu. Wa aka cuta?"

"Shi ma ba nasa ba ne, na wata ɗalibarsa ne. Da ta kai ƙara, ita aka kora."

"To kin gani! Wa ma ya san inda take?"

Lorraine ta cire tabarau, ta goge a hankali.

"Ka gyara min kuskure ɗaya a sakin layi na biyu, Farfesa, na gode. Sauran duk yadda na rubuta ka bar su."