Akwatin Alhaji Isma'ila

An tsinci gawar Ɗanladi a bakin rafi, kan hanyar Gwaram zuwa Birnin Kudu, da sara a ƙeya. Kafin azahar an ɗaure fatake uku da suka kwana kusa da wurin. Ƙasimu, wan mamacin da suke noma gonar gado tare, shi ya nuna su, yana kuka har muryarsa ta dushe.

Ba shaida, amma gari ya riga ya wasa wuƙa. Sai mai gari ya aika a kira Alhaji Isma'ila, wanda ya dawo daga Makka ta Masar da wani akwati da kowa ke tsoro.

A ciki faya-fayan jan ƙarfe ne da na farin ƙarfe, jere bisa juna, da tsumma mai ruwan gishiri a tsakaninsu. Zaren ƙarfe biyu sun fito, ɗaya sama, ɗaya ƙasa. Isma'ila ya san halin abin. Yawan faya-fayan shi ne ƙarfin turinsa, yawan mutanen da zai ratsa kuma yana rage shi. Ba ya motsi sai ya sami hanyar fita ta wannan zare ya koma ta wancan. Ko ya fizgi kowa, ko ya ƙyale kowa.

Amma ga jama'a cewa ya yi, "Mai jini a hannu kaɗai yake kamawa."

Fataken suka jiƙa hannu, suka riƙe juna, na farko ya damƙi zare ɗaya yana salati. Isma'ila ya dubi Ƙasimu. "Malam, kai ke da hakki. Kama hannun na ƙarshe, ka riƙe ɗaya zaren."

Ƙasimu ya gyara babbar rigarsa, ya matso. Ya kama hannun bafataken da zaren. Ba wanda akwatin ya fizga.

"Abin banza ne!" in ji Ƙasimu. "A kashe su kawai."

Isma'ila ya nufi Ƙasimu. Ya janye shi, ya tsaya a gurbinsa, ya kama hannun bafataken da zaren. Nan take su huɗun suka zabura tare, wani bafatake har ya faɗi.

"Ranka ya daɗe, yana kama kowa, mai laifi da marar laifi," in ji Isma'ila, "sai dai in wani ya ji tsoron ya taɓa shi, ya kare hannunsa da tufa."

Mai gari ya juya a hankali. Ƙasimu na tsaye, yatsunsa har yanzu a naɗe cikin hannun rigarsa.