Gwangwani na Goma Sha Ɗaya

"Ɗaya ɗigo ɗaya?" Malam ya sake karanta abin da yarinyar ta rubuta a allo. Gumi ya tsattsafo masa, domin jami'in da aka turo daga Daura duba aikinsa yana zaune a bayan aji, da biro a hannu.

Mako guda ke nan yana fama da darasin nan. Har geron gidansa ya ɗebo ya kawo aji, da kwano da gwangwani. Gwangwani ɗaya, 0.1. Biyu, 0.2. A na goma kwano ya cika, 1.0. Kowa ya gane, ban da wannan 'yar, wadda kuma ita ce ke zuwa ta ɗaya.

Ya sake aunawa a gabanta, yana ƙirgawa da ƙarfi har goma.

"Yanzu nawa ke nan?"

"Saura gyara, Malam."

"Babu gyara a lissafi!"

Ta leƙa kwanon, ta ɗago a ladabce. "Ai geron nan a wajen Innata ka auno shi ranar kasuwar Mai'adua. Da ta cika kwano ta tsaya, cewa ka yi wallahi ba ka motsawa sai ta ƙara maka gwangwani guda."

Jami'in ya sunkuyar da kai, kafaɗunsa na rawa saboda dariya. Da ƙyar ya iya magana.

"Malam, ba ta makinta goma cif. Ka kuma ɗora mata gyara."