Shafin da Ya Ɓace

"Ke ce mai gyaran?" Na kalle ta sama da ƙasa. Injiniya na ce a turo min, sai ga wata dattijuwa da gilashi a ƙarshen hanci.

"Ni ce, ranka ya daɗe. Me ya faru?"

"Shafin rahotona ya ɓace. Na ja shi gefe, shi ke nan. Ba ya wannan allon, ba ya wancan, ga manya can a ɗakin taro suna jira na."

Ta durƙusa tana bin wayoyin kwamfutar ɗaya bayan ɗaya. Na ja dogon tsaki.

"Iya, ba ƙarƙashin tebur ya faɗa ba. Duba ki gani, ko na rubuta, ba abin da ke fitowa."

Na hau danna maɓallai don in huce takaici: Manaja jaki ne, ko karatu bai iya ba. Shugaba kuwa gyangyaɗi kawai ya sani.

"Kin gani? Wayam."

Ta miƙe tana kaɗe gwiwa, riƙe da wata baƙar waya da ta ratsa bango.

"Allonka uku ne, ba biyu ba. Shafinka na kan na ukun, rubutu kuma yana fitowa tar."

"Ina na ukun yake?"

"Babban nan na ɗakin taro."

Wayar teburina ta fara ƙara. Ta leƙa lambar, ta gyara zaman gilashinta.

"Manaja ne. Ashe dai ya iya karatu."