Esin Tasina Ya Ƙi Sanyi

"Sutris, ko dai ba ka iya aikin ba, ko kuma ni ka raina!" Na daki murfin motar har masu sayar da taliya a bakin garejin suka waiwayo.

Bakaniken nan ya ɗura gas, ya canja bel, amma esin, wato na'urar sanyaya motar, sai huci yake kamar bakin tanderu. A zafin birnin Surabaya wa zai hau tasin da ba sanyi? Jiya wata fasinja ta sauka a tsakiyar hanya tana zagina. Kamfani ya ce in aka sake kai ƙarata, sun sallame ni.

Mahaifiyata, da na ɗauko daga kasuwa, tana zaune a gaba tana fifita da kwali. "Rabu da shi mu tafi, ɗana Wawan," in ji ta. "Gumi bai taɓa kashe kowa ba."

Sutris ya buɗe ƙofar gaba. Ya durƙusa, ya zura hannu ƙarƙashin akwatin da ke gaban kujerarta, inda iska ke bi. Ya jawo tsumma, ya sake jawo wani.

Na gane yadin. Rigar mahaifina ce, wadda ya yi shekaru yana tuƙin bas da ita.

"Mama?"

Ta fizge tsumman, idonta jajur. "Sanyin nan ne ya shiga ƙirjin ubanka har ya kai shi kabari. Kai ma in zuba ido? Sutris, mayar da shi inda ka gan shi!"