Munduwar Auta

"Inna, wallahi yaron nan ƙarasa ki zai yi," in ji Barira, tana murza wa uwarta man zafi a kafaɗa.

"Murza kawai, ban ce ki yi mini wa'azi ba."

Jiya Auta ya buga wasa a Amurka, ƙwallon nan tasu ta masu kwalkwali, inda aikinsa shi ne ya tare ƙartin da suka kwaso gudu da ƙirjinsa. Shi ake yi wa karo, amma Inna Tasalla ce ke jin zafin a Funtuwa. Tun da aka fito da munduwar ɗaukar ciwo, wadda sai wanda yake jinin mutum ne ke iya sakawa dominsa, ta miƙa hannu ba shawara. Yaron da ta goya, ciwonsa ne zai gagare ta?

Shekaru sun ja. Yanzu a kujera take salla, goshinta ya manta ƙasa. Addu'arta guda ce, Allah Ya maimaita mata sujada kafin ta mutu. Auta kuwa ya yi alkawarin bana zai ajiye wasan.

Waya ta yi ƙara, fuskarsa ta bayyana sumul, ko ƙwarzane babu.

"Inna, barka da asuba. Kin ga yadda na maka ƙaton nan da ƙasa?"

"Ban gani ba, kafaɗata dai ta ba ni labari. Ka ci abinci?"

Ya sunkuyar da kai. Barira ta daina murzawa. Idon Inna ya sauka kan sallayarta da ke naɗe bisa akwati.

"Masu ƙungiyarmu sun ce in ƙara shekara biyu," ya ce a hankali. "Inna, za ki iya riƙe mini?"